Zali Mai Gudun Badal

Zali 'yar maƙwabciyata ce a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, siririya kamar tsinken tsire, ga ƙafa. Tun tana yarinya ba ta taɓa gudun kanta ba, kullum aiken wani ne a bakinta. Da ta girma sai ta kama hajjin badal, wato yi wa mamaci aikin hajji. Daga Kano da Sakkwato ake kiranta a waya a ba ta suna, ta ɗaura niyya da shi. Shekara da shekaru. Har ta kai in ka kira Zali ba ta juyowa, amma a kira wata Bilkisu a kasuwa sai ta amsa.

Sai ga 'yan mata sun ɓullo da wani wasa a wani fili a unguwar Shisha, softbol, ƙwallo da kulki. A doka, a ruga, a zagaya matsayai a dawo gida. Jikata Maha ce mai tsugunawa tana cafewa. Ita ta karanta mini dokar, don ni ba na kallon abin da ban gane ba. Gudun da ake yi a madadin wata iri biyu ne. Akwai na aro: wata ta ruga miki, ki huta, ki koma wasa. Akwai na canji: an cire ki ke nan. Mai koyar da su, Gada, ba ta jin Hausa, duka biyun badal take ce musu da Larabci. Zali suka samo don wannan gudun.

Na ce, "Ke Maha, ana yi wa rayayye badal ne?"

Ta ce, "Kai, Uwar Rigima, kalma ce kawai!" Ita kaɗai ke kirana haka, a ɗaka ma.

Ranar da aka yi kiran "Zali badal Shahad", Shahad, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ta zauna a benci tana dariya. Ba ta sake taka filin ba. Zazzaɓi aka ce. Bayan sadakar bakwai na ji Zali ta wuce ƙofarmu tana irin dariyar nan ta Shahad.

Ran wata Asabar da la'asar Maha ta doka ta kai matsayin farko. Gada ta ɗaga murya: "Zali badal Maha!"

Na shiga filin da sandata. Na ce wa alƙaliyar wasan, "Aro ne ko canji? Faɗa da bakinki!"

'Yan mata suka fashe da dariya. Maha ta ce, "Kaka, kin ba ni kunya!" Leɓenta kuwa ya riga ya yi fari.

Zali na tsaye a kan matsayin, laɓɓanta na motsi kamar mai ɗaura niyya. Ta dube ni ta ce, "Uwar Rigima, koma ki zauna."

Na riƙe hannun alƙaliyar, na ƙi saki sai da ta ce "aro". Da Hausa na sa ta faɗa, ta maimaita. Zali ta ruga, ta zagayo, ta taka gida. Na tare ta na ce, "Abin aro, mayar." Ta daɗe tana kallona, sannan ta je ta dafa kafaɗar Maha. Yarinyar ta ja numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa, ta ɗauki kayanta ta koma wasa.

Zali na nan Mansur, tana badal ɗinta. In ta yi mini sallama, ba na amsawa sai na tambaye ta wace ce.