Ranar da Harsashi Ya Koma Ruwa

Shekara bakwai na yi ina mutuwa a hannun ɗan baffana, sau ɗaya kowane wata, bayan la'asar. Ba kuma mutuwar daɗi ba, don takobin na katako ne amma da gaske yake saukar da shi a kafaɗata.

Bari in faɗi yadda abin yake, kada a ce na taɓu. Mu ashirin da 'yan kai ne, duk haihuwar Jidda, jikokin mutanen da suka taho da ƙafa daga ƙasar Hausa lokacin da Nasara suka ci ƙasa. Yawancinmu a unguwar Mahjar muke, wasu a Ammariyya. Juma'ar farko ta kowane wata sai mu tafi wata istiraha a bayan gari, irin gidan hutun nan na haya mai katanga da filin yashi, mu sake yaƙin da kakanninmu suka yi kafin su fuskanci gabas. Babu wanda ya taɓa ganin filin dagar da idonsa. Akwai ma wanda in ya fara kirari da Hausa, kafin ya kai ƙarshe ya zame cikin Larabci. Amma ka gan mu da rawuna da garkuwar kwali da kibau masu soso a baki, sai ka rantse gobe za mu ƙwato ƙasar.

Ni ban taɓa naɗa rawanin ba. Tun ranar farko aka ce ni ne Nasara. Dalili, wai na san inji, tunda wayit nake tuƙawa, wato tankar ruwa. Aka ba ni gajeren wandon kaki da wata hula kamar kwanon sha, aka haɗa ni da wasu mutum biyu da ba su iya musu ba, aka ce ga babbar bindiga. Bututun roba ne aka shafa masa baƙin fenti aka ɗaure a kan baro. Harbinta kuwa, in buga gwangwani da ludayi. Mutum da furfura a gemu, gwiwoyi a waje kamar fiɗaɗɗiyar kaza. Uwar 'ya'yana in ta ga ina ninke wandon nan sai ta juya wai tana neman wani abu, kafaɗunta na rawa.

Wandon bai ci mini rai kamar rigar ba. Rigar layu ce ta kakanmu, saƙi, rinanna baƙa wuluk, ƙirjinta da bayanta duk layu ne na fata. Da ita ya iso Jidda. Da Kaka zai rasu, mahaifina ya ba wa ita, don shi ya yi jinyarsa, kowa ya san haka. Mahaifina ya rasu ina aji huɗu, makaranta ta ƙare mini daga nan, Baffa kuma ya ɗauke rigar ya ce ajiya ce sai na girma. Baffa ya bi ɗan'uwansa, riga ta faɗa hannun babban ɗansa, wanda nake ce wa Yaya. Na haura arba'in da biyar, ashe ban girma ba. Yaya shi ya yi karatu, aikin takardun fito da kaya yake yi a tashar jiragen ruwa, biro uku ne a aljihunsa ko masallaci zai je. To shi ne Sarkin Yaƙi, shi ke saka rigar ubana yana kashe ni da ita.

Mai yanke hukunci a wasan wani dattijo ne mai aski, Bahaushen Sudan, Alƙali muke ce masa. Zama yake a kujerar roba ƙarƙashin laima da fulas ɗin shayi. Dokarsa biyu ce. Wanda kibiya ta taɓa, ko aka nuna shi da bindiga aka buga gwangwani sau uku, ya kwanta. Wanda kuma ya kai bayan Sarkin Yaƙi ƙasa, riga ta zama tasa, su yi musayar matsayi.

Saboda doka ta biyun nan na haƙura da wandon. Watan farko na saita bututu daidai cibiyar Yaya, na buga gwangwani sau uku har ludayi ya lanƙwashe. Sai ya daki ƙirji ya ce, "Ruwa!" ya ci gaba da tahowa abinsa.

Na ce, "Alƙali, na harbe shi!"

Yaya ya ce, "Ka harbi wa? Mai rigar nan harsashi ba ya cinsa, ya akhi. Ruwa yake komawa. Tambayi kowa."

Alƙali ya kurɓi shayi ya ce, "Haka muka ji daga manya."

Takobi ya sauka a kafaɗata.

Daga nan cutar ta yaɗu. Kowa ya tuna kakansa ma yana da wani abu. Wannan ya zo da guru, wancan da kambu, wani har da zoben da na san a kasuwa ya saye shi ranar Laraba. Kafin shekara uku babu mai mutuwa sai mu ukun nan masu gajeren wando. Yaƙin da aka ci kakanninmu har suka baro gida, mu a bayan garin Jidda kowane wata muna cinye shi kafin magariba. Na ce musu, to in mu muka ci, me ya kawo mu nan muke bin layin sabunta iƙama, takardar zaman baƙo? Aka ce ba ni da kishi.

Wata rana Inna, mahaifiyata, tana shafa mini man zafi a kafaɗa, na ce, "Inna, ke da kika zauna da Kaka, da gaske harsashi ya koma ruwa a jikinsa?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Wane harsashi? Shi da bakinsa ya gaya mini, ana buga bindigar farko ya dubi gabas. Harsashin bai cim masa ba balle ya koma wani abu. Kai, waɗanda suka tsaya ai can aka binne su. Duk wanda ka gani a garin nan jikan mai sauri ne." Sai ta danne kafaɗar da ƙarfi. "Kada in ji maganar nan a waje."

Ban kai ta waje ba. Wa zai yarda? Kuma kakan nawa ne ni ma. Amma tun daga ranar, duk sanda na buɗe famfon wayit na ga yadda tiyo ke miƙewa yana neman ƙwacewa daga hannuna, sai in tuna Yaya yana dukan ƙirji.

Na je aski Ammariyya. Na bari sai da Alƙali ya ajiye askar tukuna, don ba a yi wa mai riƙe da maƙogwaronka tambaya mai wuya.

Na ce, "Allah gafarta Alƙali, shi ruwan nan da harsashi ke komawa, ina yake zuwa?"

"Jikin mutum mana. Sai dai ba ya huda shi."

"To in mutum ya faɗi saboda ruwan fa?"

Ya dube ni ta madubi. Ya ce, "Ni bayan mutum nake dubawa. In ya taɓa ƙasa, halas." Ya kaɗe mini wuya da tawul ya ƙara da cewa, "Ban ji komai ba, ka ji ko?"

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai istirahar ya saba kirana in cika masa tankinsa, sai na ce masa wannan karon ranar Juma'a zan kawo. Na isa da wuri, na ajiye wayit a bayan katanga, na jawo tiyo ta ƙarƙashin ƙofar baya, na binne shi a yashi, na cusa bakinsa cikin bututun bindiga na ɗaure da waya. Makunnin tiyon yana daidai hannuna na dama, na rufe shi da buhu. Da mutane suka fara zuwa suka ji inji na kuka, na ce tanki nake cikawa. Abokan mutuwata biyu suka ga baro ya ƙi motsi daga wuri ɗaya, suka dube ni, suka dubi buhun. Babban cikinsu, mai gasa gurasar tamis, ya ce, "Ni dai yau a bayanka zan tsaya."

Aka yi la'asar, aka ja daga. Ranar Yaya ya sha sabon rawani fari, ya kuma gayyato abokan aikinsa biyu su ga jarunta. Ya fito gaba yana jujjuya takobi.

"Ni ne na gaba, jikan na gaba! Ana walad mai riga, ni ɗan mai riga ne! Yalla, ya Nasara, harba in kai namiji ne!"

Na ce, "Yaya, ka koma. Bindigar yau ba ta jiya ba ce."

"Ji matsoraci! Harba!"

"Na gaya maka fa, a gaban shaidu."

"Harba, ɗan gajeren wando!"

Na buga gwangwani. Ɗaya. Biyu. Uku. Ya daki ƙirji, ya buɗe baki ya ce, "Ruwa!"

Na ba shi.

Wanda bai taɓa riƙe tiyon wayit ba bai san abin da nake nufi ba. Ruwan da ke hawa bene huɗu ne. Ya same shi a ƙirji, rawani ya yi sama, ƙafafu suka bi rawani, Sarkin Yaƙi ya dawo ƙasa da bayansa, tim. Tunda hannuna ya riga ya saba, na ɗan karkata bututun hagu da dama, don masu guru da kambu su ma su ga amfanin kayansu. Mai zobe ne ya fara juyawa. Kafin ka ce kwabo rundunar gaba ɗaya ta yi gabas, garkuwar kwali ta zama koko, wani ya bar takalmi ɗaya a taɓo. Wallahi a shekara bakwai ranar ce kawai aka yi yaƙin nan yadda ya faru.

Na kashe famfo. Yaya ya tashi zaune yana tofar da yashi.

"Ya ƙalilal adab, marar kunya! Ni za ka yi wa haka? Ni?"

Na ce, "Masha Allah, Yaya! Rigar ta yi aiki! Kowa ya gani da idonsa, ko ƙwarzane babu."

"Alƙali, wannan ha'inci ne! Babu tiyo a zamanin kakanninmu!"

Alƙali ya rufe fulas ɗinsa a hankali. Ya ce, "Babu kwali ma. Kai ka kira ruwa, shekara bakwai kana kiransa, yau ya amsa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na ga bayanka a ƙasa. Cire rigar."

Abokan aikinsa sun juya suna kallon katanga kamar an rubuta wani abu a jikinta. Ni kuwa dariya nake har hular kwanon ta faɗi.

A wajen cire rigar ne dariyata ta tsaya. Rigar ta sha ruwa ta yi nauyi, yana ɗaga ta kafaɗar hagu ta rabu, ba ma da ƙara ba, kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Shuni ya zuba, farar singiletinsa da wuyansa duk sun yi shuɗi. Layu biyu suka faɗo cikin taɓo. Duk dabarar da na ƙulla, ban taɓa tuna cewa tufa ce da ta girmi ubana ba. Yaya ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ga ta. Ka girma."

Na tsince layun, na naɗe rigar a buhun da na rufe makunni da shi, na kai gida.

Inna ta shimfiɗa ta a tabarma ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ta ƙetare daji, ta ƙetare teku, babu abin da ya same ta sai da ta haɗu da jikoki." Ta ɗago kai. Ta ce, "Ya faɗi dai?"

"Ya faɗi, Inna."

"Da baya?"

"Da baya."

Ta ce, "Miƙo mini zare."

Kwana tara tana shanya ta a inuwa tana juyawa. Ta yanko ƙyalle daga wata tsohuwar jallabiyar mahaifina da ta ɓoye ban sani ba, ta yi wa kafaɗar maho, ta mayar da layun. Rigar ta koɗe, mahon kuma fari ne, daga nesa ana ganinsa. Ba ta koma yadda take ba, ba kuma za ta koma ba, wannan ni na jawo.

Yaya ya yi wata biyu bai zo ba, ko gaisuwata a masallaci da kai yake amsawa. Inna ce ta kira shi a waya, ban san me ta ce masa ba. Wata na uku sai ga shi. Mai tamis ya miƙa masa wandon, ya shiga bayan katanga ya daɗe, ya fito yana jan ƙafar wandon ƙasa ko za ta rufe gwiwa. Ba ta rufe ba. Ashe gwiwoyin nan na gado ne.

Aka ja daga. Na fito gaba da rigar ubana, ban yi kirari ba don ban iya ba. Yaya ya durƙusa bayan baro, ya fara leƙa cikin bututun tukuna, ya tona yashin da ke ƙarƙashinsa da ƙafa, bai sami komai ba. Wayit tana can Mahjar, na juye ruwanta tas tun da hantsi, makullinta kuma yana aljihuna ƙarƙashin layu. Ya saita ni, ya buga gwangwani sau uku.

Na daki ƙirji a hankali, ta gefen da ba maho, na ce, "Ruwa!"

Yaya ya ce, "Alƙali, na harbe shi!"

Alƙali ya kurɓi shayi.