Kicin ɗin Ummu Samir a Iskandariyya

Ranar Asabar ta farko a hutun ƙarshen shekara, ina da shekara tara, ina tsaye a kan 'yar kujera ina wanke kwanuka a flat ɗinmu na unguwar Woolwich, can ƙasar Turawa, Yaya Sadik yana gogewa, sai Baba ya dawo daga asibiti ya ce wa Mama ya yi booking ɗin jirgi, za mu Iskandariyya. A wannan birni na Masar ya yi karatun likita, kuma mun sha labarinsa har mun haddace, musamman na Ummu Samir, matar da ya zauna a gidanta, wadda ta yi jinyarsa wata biyu lokacin da taifot ya kusa kai shi kushewa. Ya yi shekaru bai ji ɗuriyarta ba. A lokacin ni ba na yin Hausa. Ina ji sarai, amma da Turanci nake mayarwa, tun ranar da yaran ajinmu suka kwaikwayi Mama da ta kira ni a ƙofar makaranta.

Kwana uku muka yi muna yawon gari. Mun hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari mai tafiyar hawainiya, mun bi doguwar hanyar bakin teku muna cin gasasshiyar masara, iska mai gishiri tana fizgar mayafin Mama. Baba ya kai mu tsohon sansanin yaƙi na farin dutse da ke kan gaɓa, inda ya ce a da can akwai wata doguwar hasumiya mai wuta da ke nuna wa jiragen ruwa hanya. Ni da Yaya muka mayar da lungunansa wurin wasan ɓuya, muna leƙa ƙananan tagogi muna ƙirga kwale-kwalen masunta, shuɗi da kore. Mun kuma sauka wata matakala mai murɗewa zuwa kaburburan mutanen da, a ƙarƙashin ƙasa, na ƙanƙame hannun Baba har muka fito. Amma duk lokacin da muka doshi unguwarsu ta da, sai ya tuno wani wurin da bai nuna mana ba.

Rana ta huɗu da safe Mama ta ce, "Baban Sadik, in ma Ummu Samir ta rasu, ai ta'aziyya ta kama ka. Tashi mu je."

Benen tsoho ne, a wani siririn lungu da aka shanya wanki daga taga zuwa taga. Baba ya daɗe tsaye kafin ya ƙwanƙwasa. 'Yarta ce ta buɗe, kuma can ciki ga wata ƙaramar tsohuwa a kan kujera, idanunta sun yi fari. Yana yin sallama ta ɗago kai. Ya durƙusa a gabanta, ta shafa fuskarsa da hannu biyu, sannan ta ce da Hausa, Hausar da shi ya koya mata, "Usmanu, ka ci abinci?" Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai ranar.

Da manya suka shiga hira da Larabci, tsohuwar ta kama hannuna muka tafi kicin, wai in taya ta. Ba ta jin Turanci, ni ba na jin Larabci. Ta laluba tulu ta ce ruwa, ta taɓa gwangwani ta ce gishiri. Sai ta ɗora mini wani abu a tafin hannu, ta karkato kunne tana jira. Na waiga, babu mai cetona. Na ce, "Tafarnuwa." Ta gwada sau uku harshenta yana sarƙewa, muka yi ta dariya. Kafin kifin da aka ɗora a wuta ya gasu na koya mata albasa, wuƙa da cokali, har ina gyara mata. Ashe Baba yana bakin ƙofa. Ya koma falo a hankali.

Bayan shekara biyu 'yarta ta aiko da wasiƙa cewa ta rasu. Yanzu Baba ya yi ritaya a unguwar Plumstead, gwiwa ta hana shi doguwar tafiya. Ni kuwa na kai 'ya'yana birane da dama na bakin teku, da Hausa nake yi musu faɗa in sun matsa kusa da ruwa. Muna sauka a otal, mu ɗauki hotuna, mu dawo. Ban ƙara shiga wani gari ta ƙofar kicin ba.