Tiren Wayoyi a Bakin Ƙofata

A shekarar da cocinmu na Narayi zai zaɓi sabon dattijo, babu wanda ya kai ni son kujerar, babu kuma wanda ya kai ni yawan cewa ba na so. Wanda ake ambata tare da ni wani tsohon malamin firamare ne daga Kamazou, mai sanyin hali. Ni karatuna bai yi nisa ba. Masaƙa na yi wa aiki a Kakuri har ta rufe, na koma gyaran keken ɗinki. Abin da na fi shi da shi falo ne, don a falona ake zumuntar addu'a ta unguwa kowace Juma'a da yamma.

Zumuntar ma ta kusa mutuwa. Daga ni sai matata, sai wasu tsofaffin mata da ke fara gyangyaɗi tun ba a gama waƙar farko ba.

Ana nan 'yarmu da ke aiki a Abuja ta kawo mana rauta, ɗan farin akwatin nan mai ba da waifai, don uwarta ta riƙa ganin jikoki a waya. Ta nuna mini yadda ake canza faswod, ta ce kada in ba kowa. Ban kwana ba na ba wani makanike ɗan Ibo, ɗan cocinmu, don kawai in ga ya yi mamaki. Juma'ar da ta biyo baya ya zo zumunta da abokan aikinsa. Wadda ta bi ta kuma sai da muka ari benci a maƙwabta.

Murnata ba ta daɗe ba. Wanda wayarsa ta riga ta haɗu ba ya bukatar shigowa. Sai in leƙa in gan su jere a jikin katangata ta waje, kowa kai a sunkuye, mu kuma muna ciki da tsofaffinmu. A nan ne na yi dabarar da har yau nake jin kunyarta. Kowace Juma'a da rana sai in canza faswod, kuma ba na faɗa wa kowa. Na ɗauko babban tiren da matata ta samu a wani biki na ajiye a bakin ƙofa. Duk mai shigowa ya cire makullin wayarsa ya ɗora a kai. Da an fara waƙa sai in kwashi tiren in shige ɗaki, in bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya: in nemo sunan waifai ɗinmu, in danna faswod, in jira alamar ta fito, in kashe ƙara. Ba mai karɓar tasa sai an ce Amin na ƙarshe. Daga nan kowa ya zauna ya sauke abin da zai sauke har in kashe akwatin.

Matata ta ce, "Baban yara, ana addu'a a gidanka, kai kana ɗaki kana danne-danne?"

Na ce, "Hidima iri-iri ce."

Ta ce, "Taka dai ta fi ta kowa sanyin fanka."

Labari ya kai coci cewa farkaswa ta sauka a Narayi. Ana cewa samari da kansu suke miƙa wayoyinsu a bakin ƙofa don kada duniya ta raba musu hankali. Da aka tambaye ni sirrin, na sunkuyar da kai na ce ba yina ba ne.

Gab da zaɓe, Baba Fasto ya ce zai zo ya gani da idonsa. Dattijo ne mai tafiya a hankali, mai magana a hankali. Da ya ga tiren cike da wayoyi ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ni ma ban fi ƙarfin wannan ba." Ya zaro tasa ya ɗora.

Rannan wayoyin sun yi yawa, ni kuma ina sauri in fito a gan ni cikin jama'a. Hannu ya riga ya saba. Na haɗa duka, har da ta Baba Fasto, ban lura ba, na kuma manta ban kashe mata ƙara ba. Na fito da tiren na ajiye a tebur daidai lokacin da ya miƙe zai rufe taro da addu'a. Yana cikin gode wa Allah saboda matasan da suka juya wa waya baya, sai tasa ta fara. Saƙo kan saƙo, kamar ana jefa tsakuwa a kwano. Ya ɗaga murya, ita ma ta ƙara. Can sai kiran bidiyo ya shigo. Ya ce Amin a inda ba a saba cewa ba, ya ɗauki wayar ya ƙura mata ido.

Ya ce, "Ikon Allah. Ni da rabona da data tun farkon mako."

Sai makaniken nan, da zuciya ɗaya, ya ce, "Baba, ai albarkar gidan ke nan. Oga ne ke sa mana, amma sai mutum ya zauna har ƙarshe."

Wata tsohuwa ta farka ta ce Amin.

Na raka Baba Fasto zuwa motarsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni me aka karanta a zumuntar makon jiya. Ban sani ba, ina ɗaki. Ya tambayi ta makon da ya gabace shi. Nan ma ban sani ba.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kowa ka zaunar ya ji, kai kaɗai ne ba ka ji ba. Dattijo kuwa zama yake yi." Ya buɗe ƙofar mota, sai ya juyo. "Akwatin nan, yana aiki in an ɗauke shi zuwa wani wuri?"

Na ce yana yi.

Malamin firamare aka zaɓa, ni ma hannu na ɗaga masa, ko da yake ban ɗaga sosai ba. Ni kuma aka ba ni aikin kai rauta coci kowace Laraba, ranar nazari, wadda da ba ta tara mutane. Faswod ɗin Baba Fasto ne ke faɗa da bakinsa bayan an tashi. Wurin zamana benci na gaba, dab da shi, inda ba halin fita.