Tabon da Mai Hoto Ya Ɗauko Daga Sama

Shekara talatin da biyu Mai Hoto yana ce wa mutane "ɗaga haɓa, kada ka motsa", matarsa kuma tana ƙuryar shago tana gyara fuskoki, da can da burushi, yanzu a kwamfuta. Ƙurji, tabo, maiƙon goshi, babu mai tsallake hannunta.

Da 'yarsu ta aiko masa da madubin hangen nesa, sai ya ƙwallafa rai a kan ɗauko hoton wani gungun taurari, wai haskensa ya kamo hanya tun ba a haifi kakan kowa ba. Tela, maƙwabcinsa, ya kwashe da dariya.

"Kai da ke yanke wa mutane kunne a hoton fasfo? In ka ɗauko shi, ni zan ɗinka wa madubin riga. In ka kasa, ka sauke allon nan naka mai cewa 'Babu Abin Da Ba Ma Ɗauka'."

Dare tara Mai Hoto ya yi a kan rufin shago, kyamara manne da madubi tana tara haske. Sauro ya ci ya ƙoshi, bai kai masa mari ba, kada ƙafar madubin ta girgiza. A na taran abin ya fito, fari-fari, kamar shafar yatsa.

"Maman yara, wanke min wannan, babba," ya ce da asuba, ya kwanta.

Da rana ya kira Tela, aka buɗe hoton. Taurari tsaf, tsakiya wayam.

"Ina yake?" in ji Mai Hoto.

"Au, wannan dattin?" ta ce. "Na ɗauka yatsanka ne ya taɓa gilashi. Na goge. Dubi yadda sama ta yi fes!"

Tela ya fita ɗauko tsani yana fito.

"Dare tara, Maman yara," in ji Mai Hoto.

"Kwantar da hankalinka, maigida. Tun ranar da wata ta dawo tana kuka, wai na goge tabon da mijinta ke so, ban sake jefar da hoton asali ba."

Tela na saman tsani, hannunsa a kan allo, aka miƙa masa sabon hoto.

"Wannan hazo-hazon ne muke ta magana a kai?"

"Shi ne. Sauko ka auna madubi."

Yana cikin awo ta leƙo.

"Maigida, ko in ɗan rage masa maiƙo?"