Garin da ke Zuba daga Azara

Ku matso, ku kasa kunne. A daminar da na fara famfara, wata safiya ina sharar soron Goggo Hanne, yayar babanmu, a gidanmu na Sundimina, sai na ga wani gari ja-ja ya taru kan tabarmarta, laushinsa kamar na tuwo. Na ɗaga kai. Azarar giginya tana nan a jere, baƙa wuluk, ba tsaga ba rami. Na share, washegari na sake tarar da shi a wurin.

Goggo ba ta fita gona. Wuni take a soron tana kaɗi, mazarinta na juyawa, mu kuwa muna tsakar gida muna carafke ko surfen gero. Da na nuna mata garin, sai ta murza shi da yatsa ta ce, "Share, 'yar nan, ƙasar rufi ce." Baba ya zo da ƙotar gatari ya ƙwanƙwasa azarar ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake yi tun kakanni, kowace ta amsa da ƙarfi. Ya ce yoyo ne kawai ke damun ɗakin. Maganin yoyo kuwa a wurinmu ɗaya ne: a kwaɓa ƙasa a ƙara yaɓe a sama. Bara an ƙara, bara waccan an ƙara, shekarar ma aka ƙara, ni ma har da ɗaukar kwaɓi a ƙwarya. Ba wanda ya tambayi itacen ko zai iya ɗauka.

Garin bai daina zuba ba. Ya shiga audugar Goggo, ya shiga furarta. In gida ya yi shiru da rana, sai ka ji wani ƙas-ƙas daga sama, kamar ana tauna aya a ɓoye. Kaji suka bar kwanciya a ƙofar. Ranar da abin ya faru, ruwa ya wuni yana sauka, bayan la'asar ya tsagaita, aka aike ni ɗebo rogo a gonar bayan gidanmu. Ban ji wata babbar ƙara ba. Ƙasa ce kawai ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Ashe rufin soron ne ya rufta kan Goggo. Da maza suka tone, azarar da ta karye bayanta kamar ƙarfe, cikinta kuwa Baba ya damƙa da hannu ya watse.

Bana jikata Rukayya, wadda ke karatun itace a jami'a, ta zo hutu nan Gwaram, ta ɓantari azarar ɗakina ta tafi da ita. Ta ce ta yanka ta fi ɓawon albasa siranta, ta sa ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma. Ta dawo da hoto a waya. Na ga ɗakuna ƙanana birjik kamar saƙar zuma.

"Kaka, kowane zare na itace bangonsa hawa-hawa ne, na tsakiya shi ke riƙe nauyi. Funfuna ta cinye shi, ƙwaro ya biyo baya. Dubi, saura ɓawo."

Na ce, "Kawunki ya ƙwanƙwasa, ta amsa."

"Baya ne ya amsa masa, tsohuwa mai taurin kai. Ki fita kafin ruwa ya sauka."

Ban gaya mata ba, amma na jima ina share jan gari daga kan dardumata. A ranar aka kwashe kayana, na bar ɗakin da na haifi 'ya'yana duka a ciki.

Goggo, da mazari a hannunta aka ciro ta, aka binne ta kafin magariba. Baba bai ƙara hawa rufi ba har ya rasu. Rukayya ta koma wurin madubinta. Ni ina ƙarƙashin rufin kwano, zafi ya hana ni barcin rana, ina kewar sanyin soro. Ɗakin nawa yana nan a kulle, yana jiran daminarsa.