Memorin da Muryar Inna Take Ciki

Jama'a, ku taya ni jimami, yau na tafka asara!

Tun muna firamare a Yako, shekarun casa'in, aka ɗauki waƙar niƙan marigayiya Innarmu a kaset. Kafin ya lalace na sa aka juye min a 'yar MP3. Ɗazu da safe ta suɓuce ta faɗi, ɗif ta yi shiru. Na hau acaɓa sai Kwanar Dangora.

Mai gyara ya jujjuya ta ya ce, "Hajiya, lafiyarta ƙalau. Ina memorin?"

Na ce, "Wane memori?"

"Ɗan baƙin abu kamar farce. Sautin yana cikinsa, ita karantowa kawai take yi."

Innalillahi! Na gan shi a tsakar gida, na zaci ɓallin roba ne. Na haɗa da shara na zuba a murhu.