Ƙofar Garken Kaka

Har yanzu ban manta ranar da aka tare motarmu a hanyar Bani Harisa, aka ce kowa ya nuna takarda ba. A Madina aka haife ni, a nan na gama sakandare, amma Baba ya rasu bai sa sunana a takardar jinsiyya, ta zama ɗan ƙasa, ba, tasa ma ta ɓace. Na wuni a tsare cikin matan da za a mayar ƙasarmu ta asali da ban taɓa gani ba. Da ƙyar Kawu ya karɓo ni, bisa sharaɗin mu kawo shaidar cewa gidanmu ya daɗe a ƙasar nan.

Kaka ta ce a Khaibar suka fara zama, kakana yana hawan dabino. Muka tafi can ni da Kawu wurin dattijon da ke ajiye daftarin tsohuwar ƙidayar gidaje.

"Ya binti, 'yata," in ji shi, "ba da suna aka jera su ba, da lambar da aka shafa a ƙofar kowane gida ne. Unguwarku kuwa ta daɗe da rushewa."

Muna komawa na faɗa jikin Kaka ina kuka, na gaya mata.

"Ke, wa ya ce miki ana barin ƙofa?" ta ce. "Bango ƙasa ne, a bar shi. Ƙofa kuwa kakanki ne ya sassaƙa ta. Da ita muka taso."

"Tana ina, Kaka?"

"Ga ta can akuyoyi na soshe baya."

Ƙofar garken da nake turawa da ƙafa kullum! Na ɗauko tsumma da ruwa, na durƙusa ina gogewa, har shuɗin fentin lambar ya fito. Kawu ya ce a kwafi lambar kawai. Kaka ta ce sam, a kai musu ƙofar su gani da idonsu.

Haka muka ɗaura ta a bayan mota har Khaibar. Dattijon ya yi dariya har da hawaye, sannan ya buɗe shafin. Ga sunan kakana, ga na Kaka, ga "jariri namiji" a ƙasa. Baba ke nan. Na sa yatsa a kai, na kasa ɗagawa.

Ya rubuta takardar shaida, ya buga hatimi, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.

Da muka isa gida, Kaka ba ta ko kalli takardar ba.

"Ku mayar mini da ƙofata," ta ce, "akuyoyi sun shiga gidan maƙwabta."